Bijimaina na turka sun ƙi ci, ɗaya ya kwanta: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Maradi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa masu kiwo. Bijimai huɗu na turke a gida, wata uku ke nan ina ba su dusa da harawa da tunkuza. Da dusa ta yi tsada, wani abokina da ya bar kiwon kaji ya ba ni ragowar buhun wani gari, ya ce shi ake barbaɗawa a abincin kaji. Na zaci bitamin ne. Ranar Lahadi yaro ya juye kusan rabin tiya cikin jiƙaƙƙiyar dusa, suka lashe bahon tas. Litinin da yamma babu wanda ya kalli abinci, Talata sai zawo. Jiya Alhamis jan bijimin, wanda ya fi su haɗama, ya kwanta yana nishi, muka yanka shi kada ya yi mushe. Da mahauci ya buɗe, ruwa ne cike da ƙirjinsa, zuciyar kuma da zane fari-fari kamar an soma dafa ta. Sauran ukun suna tsaye, amma ɗaya ƙasan wuyansa ya fara kumbura. Jarina ke nan duka. In kora su kara tun suna da sauran kyan gani, ko akwai allura?

Dattijo daga Tibiri:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Ba su ci gyauron dawa ba kuwa? Yana kayar da sa nan take.

Mai tambaya:
A'a Baba, tun da na turke su ba su taka waje ba.

Hajiya mai gonar kaji:
Malam, ɗauki hoton takardar buhun ka turo. Ina zargin garin haɗi ne mai maganin kashin jini na kaji. Mu kanmu da sikeli muke auna shi, ɗan kaɗan cikin abinci mai yawan gaske, a juya sosai. Rabin tiya ga shanu huɗu! Gabana ya faɗi.

Mai tambaya:
Ga shi Hajiya. Takardar ta yage, amma ana ganin Monensin.

Likitan dabbobi:
Sannu Malam. Abin da na ji tsoro ke nan, domin gyauro cikin sa'o'i yake kisa, ba ya jan kwana huɗu. Monensin na cikin dangin magungunan da ake kira ayonofo, tare da lasalocid, salinomycin, narasin da maduramicin. Ba haramtaccen abu ba ne: a Amurka tun 1975 ake sa wa shanun turka shi, amma da awo ƙanƙane. In ya zarce, sai ya dagula gishirin da ke shiga da fita cikin ƙwayoyin tsoka, su mutu. A saniya tsokar zuciya ce ta fi jin jiki. Farin zanen da ka gani ke nan, ruwan ƙirji da kumburin wuya kuma alamar zuciya ta gaza.

Ba zan ɓoye maka ba, ba shi da makari. Gawayin asibiti yana rage shi in an ɗura da wuri, yanzu lokacinsa ya wuce. Abin da ya rage shi ne jinya: ka wanke baho, ka ba su ciyawa da ruwa mai kyau, su zauna a inuwa, kada yara su tayar musu da hankali. Likita na iya yi musu bitamin E da seleniyam don tallafa wa tsoka. Don Allah kada ka sayo allura a kasuwa ka gwada, domin tiamulin da erythromycin suna ƙara masa dafi.

Maganar kara kuwa, ka bar ta. Sa zai iya komawa cin abinci ka ce ya warke, alhali tabon na nan a zuciya, bayan makonni a kora shi cikin rana ya yanke jiki ya faɗi. Naman wancan kada a ci, kada a jefa wa karnuka. Gobe ka ɗauki buhun ka je ma'aikatar kiwo, a zo a duba ukun.

Dattijo daga Tibiri:
Ka ji Likita, ɗana. Ka sayar wa wani da sa mai ciwon ɓoye, ya mutu masa a hanya, haƙƙinsa na wuyanka. Yi haƙuri ka yi jinyarsu.

Likitan dabbobi:
Na manta abu mafi hatsari. Doki bai jure shi ko kaɗan: miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa kan kashe shi, saniya kuwa sai wajen ninki goma. Jaki da raƙumi ma a kiyaye su. Akwai wanda ka ɗibar wa?

Mai tambaya:
Innalillahi! Likita, makon jiya na ɗibar wa yayana cikin leda, yana da dokin da yake hawan Sallah da shi. Na kira wayarsa a kashe, bari in hau babur in je gidan yanzu.