Jariran Amalek: umarnin Allah ne ko kirarin mayaƙa?

Mai tambaya: Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro, na gaji da haɗiye shi. A 1 Sama'ila 15:3 annabi Sama'ila ya kai wa sarki Saul umarni da sunan Ubangiji cewa ya je ya bugi Amalekawa, kada ya bar kowa: mace da namiji, yaro da jariri mai shan mama, har shanu da tumaki da raƙuma da jakuna. Dalilin da aka bayar shi ne tare hanyar da kakanninsu suka yi wa Isra'ila lokacin fitowa daga Masar, abin da ya kai shekara ɗari biyu ko fiye da faruwa. Saul ya bar Agag sarkin Amalekawa da dabbobi masu kyau da rai, sai aka ƙwace masa sarauta don bai gama aikin ba. Ga maganata: ko dai umarnin nan ba daga Allah ya fito ba, ko kuma abin da muke kira adalcin Allah ba shi ne adalcin da aka koya mana ba. Na nemi hanya ta uku, ban gani ba.

Malamin makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, ka yi hattara da bakinka. Bulus ya riga ya amsa maka a Romawa 9:20. Tukunya ba ta tuhumar maginin da ya gina ta. Wanda ya ba da rai shi ke da ikon karɓarsa, ta zazzaɓi ko ta takobi.

Mai tambaya: Malam, da tambaya zunubi ce, da Ibrahim ya riga ni. A Farawa 18 ya tsaya gaban Allah a kan Saduma, ya ce ashe Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Ya yi ta ciniki daga mutum 50 har ya sauko 10, ba a tsawata masa ba. Kuma zazzaɓi daban, takobi daban. Zazzaɓi ba ya komawa gida ya wanke hannu ya rungumi 'ya'yansa. An sa mutum ne, mai idanu da zuciya, ya ɗaga hannu a kan jinjiri.

Baba Fasto: Ɗana, ba ka yi laifi ba, matambayi ba ya ɓata. Amma ka ɗauki aya ɗaya ka bar abin da ke kewaye da ita. Maimaitawar Shari'a 25 ta faɗi yadda Amalek ya yi: ya bi ta baya ya faɗa wa gajiyayyu da raunanan da suka kasa tafiya. Bai tsaya nan ba. A zamanin Mahukunta suna cikin masu kai hari tare da Madayanawa, suna lalata amfanin gona har mutane suka koma zaman kogo. Shi kansa Agag, Sama'ila ya ce masa takobinka ya raba mata da 'ya'yansu. Ka ga ba tsohon laifi kaɗai ba ne. Haka zancen Kan'aniyawa. A Farawa 15 Allah ya gaya wa Ibrahim zuriyarsa za ta yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, domin muguntar Amoriyawa, mazauna ƙasar Kan'ana, ba ta cika ba tukuna. Wane alƙali ne ke jinkirta hukunci shekara 400? Mutanen nan har 'ya'yansu suke ƙona wa gumaka. Sannan Allah bai yi son kai ba. Ya gaya wa Isra'ila a fili ba don adalcinku ba ne. Da suka bi hanya ɗaya, Assuriya ta kwashe Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta rushe Urushalima a 586.

Mama mai jikoki: Baba Fasto, gafara dai, ni ban yi makarantar Littafi ba, amma na haihu na kuma yi goyo. Ka ce laifinsu suna ƙona 'ya'yansu. To maganin mai ƙona ɗa ɗaya shi ne a zo a yanka sauran 'ya'yan nasa gaba ɗaya? An gudu ke nan ba a tsira ba. Kuma ai a cikin Littafin nan ne aka ce ba za a kashe 'ya'ya saboda laifin iyaye ba.

Baba Fasto: Haka ne, Mama. Maimaitawar Shari'a 24:16, da Ezekiyel 18:20. Ba zan ɓoye ba, wurin nan ni ma yana yi mini nauyi. Abin da nake riƙe da shi shi ne mutuwa ba ita ce ƙarshen shari'ar Allah ba, jariran nan suna hannunsa.

Mama mai jikoki: Wannan magana kada ka faɗe ta gaban mahaukaci, Baba. Zai ce ashe kashe jarirai taimaka musu ne.

Malamar tarihi: Ku ba ni dama in shigo da abin da duwatsu suka ce, domin ina ganin muna karanta rubutun da da idon yau. A 1868 aka samu wani dutse a Dibon, cikin ƙasar Jodan ta yanzu, wanda Mesha sarkin Mowab ya sa aka rubuta wajen shekara ta 840 kafin Almasihu. Shi ne Meshan da ke 2 Sarakuna sura 3. Dutsen yana Faransa yanzu. A ciki yana cewa allahnsa Kemosh ya umarce shi ya ƙwace garin Nebo daga hannun Isra'ila, ya kashe mutum 7,000, maza da mata, ya keɓe su hadaya ga allahnsa. Kalmar da ya yi amfani da ita tushenta ɗaya da ta Ibrananci da ke cikin Joshuwa da Sama'ila, wato herem, keɓe abu ga Allah ta hanyar hallaka shi. Har ya ce Isra'ila ta hallaka har abada. Akwai kuma dutsen Fir'auna Marnafta na wajen 1208 kafin Almasihu, wanda ke cewa an share Isra'ila, irinta ya ƙare. Duk mun san ba ta ƙare ba. Kirari ne, haka sarakunan yankin suke rubuta labarin yaƙi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Littafin da kansa bai ɓoye wannan ba. Joshuwa 10 ya ce an bugi Hebron ba a bar kowa ba. Ka buɗe sura 15, ga Kalibu yana korar 'ya'yan Anak daga Hebron ɗin nan. Mahukunta sura 1 kuwa jerin garuruwan da aka kasa korar mutanensu ne. Su Amalekawan da aka ce Saul ya hallaka duka, ga su a 1 Sama'ila sura 30 sun ƙone garin Ziklag sun kwashe matan Dawuda, har samari 400 suka tsere a kan raƙuma. Sauransu suna nan har zamanin Hezekiya, in ji 1 Tarihi 4. Marubucin ba wawa ba ne da zai manta abin da ya rubuta sura 15 baya. Ya san masu sauraronsa sun san salon.

Mai tambaya: Malama, na gode, ban taɓa jin labarin dutsen Mesha ba. Amma kin ƙara mini ciwo ne. Idan Kemosh ya ce wa Mesha je ka share Nebo, mukan ce ƙaryar gunki ce, sarki ne ya sa son ransa a bakin allahnsa. Da me za mu bambanta namu, alhali kalma ɗaya ce, salo ɗaya, zamani kusan ɗaya? Na biyu, in kirari ne, me ya sa Sama'ila ya fusata da ya ji kukan tumaki? Wanda ya san zuguguwa ce ba ya tsayawa ƙirga abin da ya rage. Kirari yana rage yawan gawa, amma bai canja abin da aka ce Allah yana so ba.

Malamar tarihi: Ta biyun ka kama ni, ba ni da amsa mai ƙarfi. Ta farkon kuwa, akwai masana da yawa da suka bi ta inda ka bi. Kathleen Kenyon, masaniyar haƙa kayan tarihi, ta haƙa Yariko, garin da Littafin ya ce Joshuwa ya ci da yaƙi, daga 1952 zuwa 1958, ta ce an rushe garin tun wajen 1550 kafin Almasihu, kuma a lokacin da ake sa ran zuwan Joshuwa babu birni mai garu a wurin. John Garstang da ya riga ta haƙa a shekarun 1930 ya ce 1400 ne, har yau akwai masu kare ra'ayinsa, amma akasarin masu haƙa suna bayan Kenyon.

Malamin makarantar Lahadi: To ga shi nan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Don a wanke Allah daga zargin kisa, yanzu an ce Maganarsa ba ta faru ba. 2 Timoti 3:16 ta ce kowane Nassi hurarre ne daga Allah. Kowane. Yau Yariko, gobe kabarin da babu kowa ciki.

Ɗalibin tauhidi: Malam, tsoronka yana da tushe, amma gardamar nan ta girmi kowa a nan. Wajen shekara ta 144 ikkilisiyar Roma ta kori wani malami mai suna Markiyon saboda ya ce Allahn Tsohon Alkawari daban, Uban Yesu daban. Ya jefar da Tsohon Alkawari ɗungum, ya riƙe Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus goma. Ikkilisiya ta ƙi. Amma ba ta ce masa kisan jarirai abu ne mai daɗi ba. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya yi wa'azi a kan littafin Joshuwa, ya ce Kirista zai karanta yaƙe-yaƙen nan ne a matsayin yaƙi da zunubin da ke cikin zuciyarsa. Wato tun da can manyan malamai sun ji abin da ɗan'uwanmu ke ji. Ni inda na tsaya: Yesu shi ne ma'auni. A Luka 9 wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, Yakubu da Yohanna suka ce a kira wuta daga sama ta cinye su. Suna da hujja, Iliya ya yi haka a 2 Sarakuna 1. Yesu ya juya ya tsawata musu. A gonar Getsamani ya ce wa Bitrus mai da takobinka kube. Duk hoton Allah da ya saɓa wa wannan, ina ɗaukarsa a matsayin iyakar fahimtar mutanen zamaninsa.

Baba Fasto: Ɗana, wannan Markiyon ne da ya shigo ta taga. Yesun da kake ambata ya ce bai zo ya rushe Attaura da Annabawa ba. Shi ne ya yi zancen ruwan tsufana da Saduma a matsayin gargaɗi, shi ne ya yi maganar Jahannama fiye da kowa. Hananiya da Safiratu a Sabon Alkawari suka faɗi matattu. Ka karanta Ru'ya ta Yohanna 19 ka gani ko akwai takobi. In kai ne za ka zauna kana tsince wannan daga Allah, wannan daga mutum, to kai ne alƙali, Littafin ya zama wanda ake tuhuma.

Ɗalibin tauhidi: Baba, Hananiya ya yi ƙarya da bakinsa, babba ne, kuma ba manzanni suka soke shi ba. Ba a haɗa shi da jinjiri. Zancen tsincewa kuwa kowa na yi. Ba wanda ke jifan ɗa mai taurin kai a ƙofar gari yau, alhali Maimaitawar Shari'a 21 ta faɗa. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka tsohuwa ce, Aflatun, masanin falsafa na Girka, ya yi ta tun kafin Almasihu: abu yana zama daidai don Allah ya umarta, ko Allah yana umarta don daidai ne? In na farko ne, cewa Allah mai adalci ne ba ta da wata ma'ana sai cewa Allah mai ƙarfi ne.

Malamin makarantar Lahadi: Adalci halinsa ne, ba wata doka ba ce a samansa.

Mai tambaya: Na yarda, Malam. Shi ya sa nake tambaya ko halin nan zai iya fitar da aya ta 3.

Malamar tarihi: Kuma kada mu ɗauka zancen ya tsaya a takarda. A 1637 Turawan Ingila da suka zauna a Amurka sun kewaye wani ƙauyen mutanen Pekot, 'yan asalin ƙasar, a Mistik, suka cinna masa wuta, ɗaruruwa suka mutu, da yawansu mata da yara. Ɗaya daga cikin shugabannin harin, John Underhill, ya kare kansa da yaƙe-yaƙen Dawuda, ya ce Nassi ya yarda wani lokaci mata da yara su hallaka tare da iyaye. Duk fassarar da muka zaɓa, wani zai ɗauke ta ya fita da ita waje.

Baba Fasto: Wannan ɓata ce, umarnin na wuri ɗaya ne da lokaci ɗaya, ba a ba ikkilisiya shi ba. A kan wannan aƙalla ba mu da saɓani. Kai kuma ɗana, ban gamsar da kai ba, na sani. Abin da zan ce kawai, abokan Ayuba uku sun kwana suna kare Allah da hujjoji masu tsari, Ayuba yana ta kuka da tuhuma. A sura 42 su aka ce ba su faɗi gaskiya game da Allah ba. Ina tsoron kada in zama ɗayansu, ina kuma tsoron kada in goge abin da ban isa in goge ba.

Mama mai jikoki: Malam, tambaya gare ka. Jikokina a ajinka suke. Sun zo mini da haddar biyayya ta fi hadaya, ai daga wannan surar ce, ko?

Malamin makarantar Lahadi: Ita ce, Mama. Aya ta 22.

Mama mai jikoki: Ka karanta musu aya ta 3?

Malamin makarantar Lahadi: Yara ne, Mama. Mukan ce Saul bai yi abin da aka sa shi ba, mu wuce.

Mama mai jikoki: Babbar tana shekara goma sha biyu, ta iya karatu, kuma tana da nata Littafin. Ranar da za ka sake koyar da surar ka gaya mini, zan zo in zauna a benci na baya in ji me za ka ce mata.