Ruwa yana malala daga tankin ƙasa duk lokacin da aka ɗauke wuta

Mai Kifin Ado, Tumfure:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina da tankin gilashi na kifayen ado a falona, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 45, tsayinsa 50, kuma a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa akwai ƙaramin tankin tace ruwa mai tsawon santimita 70 da faɗin 35. Ruwa yana gangarowa ta bututu ɗaya mai faɗin inci 1, sannan inji mai tura lita 3,000 a awa ya mayar da shi sama.

Abu biyu ne suka dame ni. Bututun da ke sauko da ruwa yana gurnani, ruwan ya taru a kusurwar da yake tsiyayewa har ya kusa kai baki, sai kuma ya zuƙe gaba ɗaya da ƙara kamar an ja ruwan masai, ya sake taruwa. Na biyun ya fi muni: daren Talata an ɗauke wuta, da asuba na taka kafet na ji shi sharkaf, ga ruwa ya bi ƙarƙashin kujeru. Shin in sa bawul a bututun saukowa in rage gudun ruwan?

Mai Gyaran Famfo, Bolari:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka kuskura ka sa bawul a bututun saukowa muddin shi kaɗai ne gare ka, domin ranar da ganye ko ɗan dodon koɗi ya maƙale a wurin da ka matse, injin ba zai daina turo ruwa ba, kuma tankin sama ne zai yi ambaliya. Idan za a rage gudu, a bututun da ke fita daga inji zuwa sama ake ragewa.

Gurnanin kuwa rigimar iska da ruwa ce a cikin bututu ɗaya. Idan ruwa ya yi yawa ya toshe bakin bututun, sai bututun ya koma zuƙo, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, ya kwashe ruwan da sauri har ya shaƙi iska, zuƙon ya tsinke, a koma gidan jiya. Ka faɗa mana gwiwa, wato mahaɗin lanƙwasa, nawa ke jikin bututun, ko akwai inda ya kwanta a miƙe, da kuma zurfin da bakinsa ya nutse a tankin ƙasa. Game da ambaliyar, shawarata ita ce ka sa bawul mai hana ruwa komowa a saman injin.

Mai Kifin Ado, Tumfure:

Na gode, Malam. Na auna yanzu: gwiwa uku ce, akwai wajen taku ɗaya da ya kwanta, bakinsa kuma ya nutse santimita 15. Bakin bututun da ke mayar da ruwa sama yana santimita 8 a ƙarƙashin ruwa, don na fi son kada a gan shi.

Tsohon Malamin Kimiyya, Yalwa, Bauchi:

Alhaji, wannan santimita 8 ɗin ita ce ta jiƙa maka kafet, kuma lissafin ba shi da wuya. Fuskar tankinka 120 sau 45 ce, wato kowace santimita ɗaya ta ruwa lita 5.4 ce. Da zarar inji ya tsaya, bututun da yake tura ruwa sama sai ya juya ya riƙa zuƙo ruwan zuwa ƙasa, ba zai tsaya ba sai bakinsa ya fito fili ya sha iska, ka ga lita 43 ke nan, ban da wanda ke cikin bututai. Tankinka na ƙasa kuwa lita 2.45 yake ɗauka a kowace santimita, saboda haka ko da ka bar masa sararin santimita 10, abin da zai karɓa bai kai lita 25 ba. Ragowar, kusan jarka guda, a falo za ta kwana.

Ina girmama maganar Malam na Bolari a kan komai, sai dai bawul mai hana komowa ban yarda a dogara da shi ba. A aikin gida ruwa mai tsabta yake gani, amma a nan gansakuka da majinar da ke taruwa cikin bututu suna hana murfinsa zama daidai, ɗigo kaɗan kuma ya isa idan wuta ta kwana ba ta dawo ba, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Ka ɗago bakin bututun ya zama santimita 2 kacal a ƙarƙashin ruwa, sai abin da zai sauko ya koma kamar lita 11. Idan ba ka son ɗago shi, ka huda ramuka biyu masu faɗin milimita 3 a jikinsa, ƙasa kaɗan da fuskar ruwan tankin sama. Na ce biyu ne saboda ruwan rijiyar burtsatse yana barin farin ɓawo, irin wanda ake gani a cikin butar shayi, ni kuwa ya taɓa toshe mini rami ɗaya ban sani ba. Tun daga lokacin duk Juma'a nake zura masa tsinken sakace.

Sai batun cika ruwa. A zafin Maris da Afrilu, da lokacin hunturu da iska ke bushewa, ruwa yana ƙafewa da sauri, kuma a ɓangaren tankin ƙasa da injin yake zaune kaɗai ake ganin raguwar, sai mutum ya ɗauko bokiti ya cika har baki. Ka kashe inji, ka jira ruwa ya gama saukowa, ka cika tankin ƙasa ka bar santimita 5, ka kunna, inda ruwan ya tsaya ka ja layi da maka. Ko yaron gida ne zai ƙara ruwa, kada ya wuce layin.

Mai Gyaran Famfo, Bolari:

Na karɓi gyaran Baba Malam. A kan gurnanin, ka yanke bututun ya nutse santimita 2 ko 3 kawai, domin a santimita 15 iska ba ta samun hanyar fita, ka kuma cire wurin da ya kwanta ka sa gwiwa mai digiri 45 guda biyu. A sama ka yi masa kai irin wanda ake kira Durso: mahaɗi mai baki uku, gwiwa tana kallon ƙasa a cikin ruwa, murfi a bisa mai ƙaramin ramin iska. Ka fara da rami ƙarami kana faɗaɗawa kaɗan-kaɗan, kuma kada ka sa wa murfin gam.

Mai Kifin Ado, Tumfure:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi duka, na kashe inji sau uku ina tsaye a kansa, ruwa ya tsaya ƙasa da baki da kusan yatsa uku. Gurnanin ya tafi bayan na rage inji kaɗan, sai ɗan fito da ramin iskar yake yi idan dare ya yi tsit. Malam, idan na zura masa siririn tiyon injin iska, fiton zai ragu, ko kuwa sai na ƙara faɗin ramin?