Gwaje-gwajena duk suna wucewa, amma manhajar tana cinye alamar ƙarshen layi

ɗan_koyo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata ƙaramar manhaja ta layin umarni da aka rubuta da C, sunanta `gyara`. Aikinta irin na `sed` ne, sai dai ba ta kai shi faɗi ba: tana musanya kalma, tana goge layi, tana cusa layi, kuma da `-i` tana gyara fayil a inda yake. Gwajin da nake yi mata rubutun Bash ne, kowanne kamar haka:

```
samu=$(./gyara 's/a/b/' shiga.txt)
[ "$samu" = "$(cat amsa.txt)" ] || echo "ya faɗi"
```

Guda 40 ne, duk suna wucewa. Sai ga shi an nuna mini cewa manhajar tana cinye alamar ƙarshen layi ta ƙarshen fayil, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai kama ba. Me ya jawo haka? Sannan yaya ake tsara gwaji mai gudanar da kansa ga irin wannan manhaja? In ci gaba da Bash ne, ko in koma manhajojin gwaji irin su Bats ko pytest?

Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Laifin yana cikin `$( )` ɗin nan. Duk abin da ya biyo ta cikinsa, Bash yana share masa alamomin ƙarshen layi da ke wutsiyarsa, ko ɗaya ce ko goma. Ka yi amfani da shi a ɓangarorin biyu, don haka "abc" mai alama da "abc" marar alama sun zama abu guda kafin ma a gwada su. Bayit ɗin sifili ma baya rayuwa a cikinsa, zubar da shi ake yi. Manhajar da aikinta gyara rubutu ne ba a auna ta da abin da aka riga aka yi wa aski.

Ka tura sakamako cikin fayil, ka kwatanta da `cmp`, wanda ke bin bayit ɗaya bayan ɗaya. Yana mayar da 0 idan sun yi daidai, 1 idan sun bambanta, 2 idan shi kansa ya samu matsala, misali fayil ɗin babu. Idan ya faɗi sai ka kira `diff -u` don ido ya ga bambancin, idan kuma ido bai ga komai ba, `od -c` ko `xxd` za su tona asirin.

Tsarin da na fi ba da shawara shi ne kowane gwaji ya zama folda guda. A ciki akwai `umarni` mai ɗauke da layin da za a gudanar, folda `shiga` mai fayilolin da za a yi aiki a kansu, sai fayiloli uku na abin da ake sa rai: na `stdout`, na `stderr`, da na lambar fita. Mai gudanarwar bai fi layi 20 ba. Zuciyarsa ita ce:

```
w=$(mktemp -d)
cp -R "$d/shiga/." "$w"
( cd "$w" && timeout 5 sh "$d/umarni" ) >"$w.out" 2>"$w.err"
echo $? >"$w.lamba"
```

Ka tabbata `$d`, wato foldar gwajin, cikakkiyar hanya ce daga tushe, tunda akwai `cd` a tsakani. Daga nan `cmp` sau uku. Kada ka haɗa `stdout` da `stderr` wuri ɗaya: idan saƙon kuskure ya zille ya bi ta `stdout`, zai shiga cikin fayil ɗin mai amfani duk ranar da ya rubuta `> sabo.txt`, kuma gwajin da ya gauraya su ba zai taɓa ganin haka ba.

`timeout` ɗin ba ado ba ne. Manhajojin musanya rubutu suna yawan maƙalewa har abada a kan tsarin nema da zai iya dacewa da babu komai. Gwada `s/x*/-/g` a kan "abc". GNU sed yana ba da `-a-b-c-`. Idan taka ba ta matsa gaba da harafi ɗaya bayan ta dace da fanko, za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. `timeout` yana mayar da 124 idan lokaci ya ƙare, sai ka gane abin da ya faru daga lambar kawai.

Sannan mai gudanarwar kansa dole ya fita da lambar da ba sifili ba idan ko gwaji ɗaya ya faɗi. Naka na yanzu `echo` kawai yake yi, wanda ke nufin ko duka 40 sun faɗi, duk injin da ke kiransa zai ɗauka lafiya lau.

Abubuwan da za ka fara ciyar da ita: fayil fanko, fayil mai alamar ƙarshen layi ita kaɗai, fayil da layinsa na ƙarshe ba shi da alamar, layuka masu `\r\n`, sunan fayil mai sarari a ciki, da sunan da ya fara da `-` bayan an sa `--`. A kan na ukun sai ka fara yanke shawara kafin ka rubuta amsa. GNU sed yana barin fayil ɗin yadda ya same shi, ba ya ƙara alamar. Kai ma ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi a takardar bayani.

Batun Bats ko pytest, ni ban ɗauke shi da zafi ba. Idan ka ɗauki Bats dai ka sani `$output` ɗin da `run` ke cikawa yana da irin wannan askin, kuma yana haɗa `stdout` da `stderr` sai ka sa `--separate-stderr`.

MalamaH:

Injiniya ya gama da tsari. Zan ƙara a kan abin da ake zubawa a ciki, domin idan duk fayilolin gwajinka haruffan a zuwa z ne, rabin hanya kawai ka gwada.

A UTF-8, ƙ bayit biyu ce, C6 99. ɗ ita ce C9 97, ɓ kuma C9 93. Manhajar C da ke ƙirga bayit a matsayin harafi za ta iya raba su biyu. Gwada `s/./X/` a kan "ƙasa". Idan aka gudanar da `LC_ALL=C`, GNU sed zai cinye bayit na farko kaɗai ya bar 99 a yashe, rubutu ya lalace. A saitin UTF-8 kuma zai ba da "Xasa". Duka biyun daidai ne a muhallinsu, shi ya sa dole kowane gwaji ya faɗi saitin harshen da yake so da bakinsa, kada ya gaji na kwamfutar da ya tsinci kansa a kai. In ba haka ba zai wuce a wajenka ya faɗi a wajen wani. Idan manhajar tana mayar da ƙananan haruffa manya, gwada ɗ: babbar Ɗ ita ce C6 8A, wato duka bayit biyun sun canja, dabarar rage 32 da ke aiki ga a zuwa z ba ta da amfani a nan.

Wurin da aka fi mantawa shi ne bakin ma'ajiyar karatu. A ce kana karanta bayit 4096 a kowane zuwa. Ƙirƙiri fayil mai harafin a guda 4095 sannan ƙ, ta yadda rabin ƙ zai faɗa a ɗiban farko, rabi a na biyu. Yi haka kuma da kalmar da ake nema, ta hau kan iyakar. Sai layi guda mai tsawon 4095, 4096 da 4097. Waɗannan kada ka ajiye su a ma'ajiyar lamba, umarnin gwajin ya haifar da su:

```
head -c 4095 /dev/zero | tr '\0' a
```

Ƙara da fayil da ya fara da EF BB BF, alamar da wasu manhajojin Windows ke sawa a goshin fayil. Tana hana `^` dacewa da kalmar farko. Sai fayil mai bayit FF, wanda ba shi da gurbi a UTF-8 sam. Manhaja ta wuce da shi yadda yake ko ta ƙi da saƙo bayyananne, amma kada ta canja shi a ɓoye.

Tarko biyu kuma, ƙanina. Idan ka koma pytest, kada ka sa `text=True` a `subprocess.run`, domin yana mayar da `\r\n` zuwa `\n` kafin ka gani, ka koma gidan jiya ke nan. Bar shi ya ba ka bayit, fayil kuma ka karanta da `read_bytes()`. Na biyu Git ne: idan `core.autocrlf` a kunne yake a wata kwamfuta, zai taɓa fayilolin amsarka. Sa `gwaji/** -text` a `.gitattributes`. Editoci da yawa ma suna ƙara alamar ƙarshen layi da kansu idan an adana, don haka fayil marar alamar da `printf 'abc'` ake yin sa.

TsohonHannu:

Malama ta yi gaskiya. Ni `-i` ɗin nan ne ya fi tsaya mini a rai, domin sauran kurakuran sakamako mara kyau suke bayarwa, wannan kuwa aikin mutum yake hallakawa.

Hanyar da ta dace ita ce manhajar ta rubuta sabon abu a fayil na wucin gadi, ta rufe shi, ta duba cewa rufewar ta yi nasara, sannan ta kira `rename` a kan na asali. Fayil ɗin wucin gadin ya zauna a folda ɗaya da na asali. Idan ka kai shi `/tmp` alhali wani faifai ne daban, `rename` zai ƙi da EXDEV.

Wannan hanya tana da nata farashin, kuma kowanne yana son gwajinsa. Sabon fayil ne ya hau gurbin tsoho, don haka izini zai iya canjawa: `mkstemp` yana ƙirƙira da 600, idan ba ka kwafo izinin asali ba, rubutun da yake 755 zai daina gudana bayan an gyara shi. Yi `chmod 755`, gudanar, duba da `stat -c %a`. A macOS `stat -f %Lp` ne. Idan abin da aka ba ta mahaɗi ne da `ln -s` ya yi, `rename` zai maye gurbin mahaɗin kansa da fayil na gaske, wanda ake nunawa kuma ya zauna ba a taɓa shi ba. Haka GNU sed yake yi sai an ba shi `--follow-symlinks`. Zaɓi halin da kake so, ka tabbatar da `test -L`.

Bayan kowane gwajin `-i`, kwatanta folda gaba ɗaya da `diff -r`, ba fayil ɗaya ba. Ta haka za ka kama tarkacen wucin gadi da aka bari a baya. Kuma ka gwada fayiloli uku a umarni ɗaya, na tsakiya babu shi: na uku an gyara shi ko an tsaya? Lambar fita nawa ce?

ɗan_koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na koma `cmp`, nan take guda 40 ɗin suka faɗi, na gyara wurin. Saura biyu. Gwajin fayil ɗin da na yi wa `chmod 444` ina sa ran manhajar ta ƙi, amma sai ta gyara shi. Kuma yaya zan kwaikwayi cikar faifai ba tare da na cika shi da gaske ba?

TsohonHannu:

Na farkon ba kuskuren gwaji ba ne. `rename` izinin folda yake dubawa, ba na fayil ba, don haka 444 ba ya hana shi. Idan kana son manhajar ta girmama fayil ɗin da aka kulle, sai ta duba da kanta kafin ta fara. Don gwada gazawar ƙirƙirar fayil na wucin gadi, foldar za ka yi wa `chmod 555`, ka kuma mayar da izinin kafin sharewa, in ba haka ba `rm -rf` zai kasa. Ka lura kuma a cikin Docker galibi a matsayin root ake gudana, shi kuwa root waɗannan izinin ba sa tare shi. Ko dai ka gudanar da wani mai amfani, ko gwajin ya duba `id -u`, idan 0 ne ya tsallake yana faɗa a fili cewa ya tsallake.

Cikar faifai kuwa, a Linux akwai `/dev/full`, duk rubutun da aka tura masa yana dawowa da ENOSPC:

```
./gyara 's/a/b/' shiga.txt >/dev/full
```

Dole lambar fita ta zama ba sifili ba. Manhajojin C da yawa suna faɗuwa a nan, saboda `printf` yana tara rubutu a ma'ajiya ne, kuskuren sai wajen `fflush` ko `fclose` yake bayyana, kuma ba a cika duba abin da suka mayar ba. Ga `-i` kuma `/dev/full` ba zai yi ba, sai ka ƙuntata girman fayil a cikin ƙaramin Bash:

```
( trap '' XFSZ; ulimit -f 1; ./gyara -i 's/a/b/' babba.txt )
```

A Bash wannan 1 ɗin bayit 1024 ne. Da `trap` ɗin, rubutu zai gaza da EFBIG maimakon sigina ta kashe manhajar. Ba ta fayil mai bayit 10000, sannan ka tabbatar da abu uku: lambar fita ta nuna gazawa, `babba.txt` yana nan daram kamar yadda yake, kuma ba a bar tarkace ba.

Injiniya:

Ƙari kaɗan tunda C ce. Haɗa manhajar da `-fsanitize=address,undefined` ka sake bi da gwaje-gwajen duka ta kanta. Sai dai AddressSanitizer, wato ɓangaren `address`, da 1 yake fita idan ya kama ɓarna, kuma wataƙila 1 ɗin ce kake sa rai a gwajin kuskure. Sa `ASAN_OPTIONS=exitcode=99` don su rabu. Ɓangaren `undefined` kuma gargaɗi kawai yake bugawa ya ci gaba, sai ka ƙara `-fno-sanitize-recover=all`.

Idan ka rubuta umarnin da ke sabunta fayilolin amsa da kansa, kada ka tura su sai ka karanta `git diff` layi-layi, domin kuskuren da aka adana a matsayin amsa zai riƙa wucewa kullum. Kuma duk sabon gwaji, ka lalata manhajar da gangan sau ɗaya, misali ka cire layin da ke kwafo izini, ka ga ya faɗi da idonka, sannan ka mayar da layin.