Sabar mai RAM megabait 512: me zan ɗora mata?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Kawuna yana da makaranta mai zaman kanta a Sabon Gari, nan Damagaram, ɗalibai ba su kai 300 ba. Ya ce in yi masa shafin da malamai za su riƙa shigar da maki, iyaye su duba ta waya. Kuɗin da ya ba ni bai wuce hayar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet) mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, megabait 512 ba. Na ɗora Apache (manhajar da ke miƙa wa baƙi shafi) da MySQL (ma'ajiyar bayanai), ko kwana biyu ba a yi ba MySQL ya fara mutuwa da kansa. Jiya sau uku ina tashinsa. A harsunan rubuta manhaja, ina taɓa PHP, Python kuma yanzu na fara koyo. Wani abokina ya ce in koma Tomcat, wata manhajar sabar. Wace manhaja ce ta kyauta, mai buɗaɗɗen tushe, da ba za ta shaƙe ta ba?

Na Zango:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba da kansa yake mutuwa ba, Linux ne ke kashe shi. Buga umarnin dmesg, mai nuna rahoton Linux, ka gani. In ƙwaƙwalwa ta cika, sai ya duba wanda ya fi ci ya yanke shi, kuma kusan kullum MySQL ne, tunda ma'ajiyar InnoDB (injin da ke cikin MySQL) kaɗai megabait 128 ce in ba ka taɓa saitinta ba. Shi kuma Apache, in da mod_php (mai saka PHP cikin Apache) ka ɗora shi, kowane ma'aikacinsa goye yake da PHP, ko da hoto kawai aka aike shi ya miƙa.

Tomcat kam ka manta. Java ne, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Tsaya kan PHP ɗin da ka iya. Sa nginx a gaba a madadin Apache, PHP-FPM (mai gudanar da PHP) a baya, a saitinsa ka mai da pm zuwa ondemand, pm.max_children, wato yawan ma'aikata, kada ya wuce 4. In babu baƙo, ma'aikatan sai su kwanta. MySQL kuwa ka sallame shi ka ɗauki SQLite, shi ma ma'ajiyar bayanai ce, amma fayil ɗaya ne, ba ya zaune yana cin RAM.

Ƴar Jami'a:
Yaya, ka manta abu ɗaya: SQLite mutum ɗaya yake bari ya rubuta a lokaci guda. Ƙarshen zango malamai duk rana ɗaya suke tuna maki. Ya kunna WAL, wani saiti na SQLite, aƙalla iyaye masu dubawa ba za su tsaya jiran mai rubutu ba. Ni da Flask (kayan gina shafi na Python) na yi nawa, gunicorn mai gudanar da shi da ma'aikata biyu, lafiya lau.

Na Zango:
Kin yi gaskiya. Amma rubutun maki ƙiftawar ido ne, malamai ashirin ba za su yi cinkoso ba. Flask ɗin ya bari sai hutu. Ɗan Birni, ka ƙara swap (wurin da faifai ke ara wa RAM) na gigabait 1, kuma kullum da dare ka kwafe bayanan zuwa wani wuri.

Ɗan Birni:
Na buga dmesg, ga sunan mysqld, wato MySQL, nan har sau uku. Allah ya saka da alheri. Bayan Isha zan cire Apache. Malam, WAL ɗin a cikin PHP zan kunna shi, ko sau ɗaya ake yi shi ke nan?