Na sayi tsohon akwatin katako a gwanjo, ya zan maida shi ma'ajiyar wasiƙu da takardun gida?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar katako ku taimaka min da shawara. Wani akwati na saya hannun masu kayan gwanjo, irin wanda ake sako kayan inji a ciki ɗin nan daga waje, ba shi da murfi amma katakon da ƙwari wallahi. Na auna cikinsa da tef ɗin ɗinki, tsawo inci 24, faɗi inci 14, zurfi inci 10. So nake in maida shi wurin ajiye takardu, don a gidan nan komai a warwatse yake, bil ɗin wuta yana saman firij, rasit ɗin kuɗin makaranta yana ƙarƙashin katifa, katin rigakafin auta yana jakar unguwa, katunan ɗaurin aure kuma har ranar ta wuce ba wanda ya tuna, kwanaki masu yankan wuta suka zo mun biya amma rasit ɗin ya ce ɗauke ni inda kika ajiye ni, sai da maigida ya baro wurin aiki. Abin da ya dame ni, a kusurwa ɗaya akwai 'yan ƙananan huji-huji, in na buga sai wani gari ya zubo, sannan gefe ɗaya akwai tsohon koren fenti yana ɓarewa. Zan iya gyara shi da kaina ko sai na kai wa kafinta?

Ɗan Kafinta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar ado ki fara da hujin nan, don garin da ke zubowa aikin ƙwaron katako ne, ba gara ba ce, ita gara ƙasa take ginawa a jikin abu. Ki fitar da shi daga ɗaki yau ɗin nan kar ya raba wa kujeru da gado. Ki kakkaɓe shi tas, ki shimfiɗa jarida a ƙarƙashinsa ki bar shi ya ɗan kwana biyu, in kika ga sabon gari fari a kan jaridar to suna nan da ransu. Maganinsu zafi, ki sa shi a babbar baƙar leda ki ɗaure baki ki ajiye a tsakiyar rana kan siminti, kina juya shi, kwana da kwanaki ba yini ɗaya ba, don sai zafin ya ratsa har cikin katakon. In allon da ke da hujin ya yi laushi har farce na shiga, kar ki wahalar da kanki, a ɓalle shi a sa wani.

Awon da kika bayar kuwa kin yi sa'a. Takardar A4 inci 8 da ɗan ɗoriya ce a faɗi, tsawonta bai cika inci 12 ba, to idan kika kwantar da akwatin ta gefe bakinsa na kallonki, inci 14 ɗin ya zama tsayi, inci 10 ya zama zurfi, takarda za ta shiga a tsaye ba sai an naɗe ta ba. Sai a raba inci 24 ɗin da falle huɗu na filawud siriri, kin samu gida biyar kenan, kowanne inci 4 da rabi ko kusa da haka. Kar ki sayi filawud guda, babba ne ƙafa 4 da ƙafa 8, asara ce, ki je wurin kafintan unguwa ko 'yan katako ki ce ragowar yanka kike so, ki tafi da akwatin ya yanka miki daidai. Kuma kar a matse su ƙam, katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, a bar ɗan sarari. Mu yadda muke yi, sai mu manna 'yan siraran katako biyu-biyu sama da ƙasa da gam da ƙaramar ƙusa, fallen ya rinƙa zurawa tsakaninsu, duk ranar da kike son gida ɗaya ya ƙara faɗi sai ki zare.

Abu Sadik:
Oga duk wannan dogon zance ne, ta samu baƙin mai wurin bakanike ta haɗa da kananzir ta shafe shi, ko ta sayi Solignum, maganin da ake shafa wa katako, zai kare shi daga ƙwari. Haka muka yi wa katakon rufin gidanmu.

Ɗan Kafinta:
Haba Malam Abu, ai ka faɗa da bakinka, katakon rufi. Wancan yana can sama ba mai taɓa shi. Wannan a falo za a ajiye, takarda za a zuba, ita kuma takarda shan mai take, ka sa rasit fari ka ɗauko shi da tabo, ga wari ya cika ɗaki, ga yara suna taɓawa suna kai hannu baki. Banish kawai ya isa bayan an goge, shafi biyu, a bari na farko ya bushe sosai.

Anti Nas:
Maman Ilham ni koren fentin nan ne ya tsaya min a rai. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, kuma ba a gane ta da ido, in kika sa samfefa kika goge shi a bushe ƙurar ce za ta bi iska ta sauka a tsakar gida inda auta ke rarrafe. Kowa ya ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito da ake niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Ki yi aikin a waje, ki sa takunkumi, ki jiƙa wurin da ruwa kina gogewa yadda ba zai yi ƙura ba, ki tattare dattin a leda ki wanke hannu. In ma gefen nan zai jingina da bango ne, ki kankare wanda ya ɓare kawai ki rufe sauran da sabon fenti ki huta. Sannan dan Allah kar wani ya ce ki zuba kafur a ciki saboda kyankyaso, yara gani suke alewa ce, busasshen ganyen darbejiya a ɗan ƙyalle ya wadatar.

Wani abu kuma tunda kin ambaci rasit, irin na POS ɗin nan da na sayen katin mita ba tawada ba ce a jiki, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa in ya sha rana ko ya daɗe sai ki ga ya koma fari fat. Duk kyan akwatinki ba zai hana ba. Ranar da aka kawo ki ɗauke shi a waya, kuma kar ki rataye akwatin saitin taga ko kusa da kicin.

Baba Ɗan Fansho:
'Yata Allah ya yi albarka, kin tuna min zamanin da muke da akwati a gidan waya, kowa da lambarsa da ɗan makullinsa, ranar Juma'a in an sauko masallaci sai in biya in kwaso wasiƙu, wanda ba shi da akwati kuma ya ari adireshin makaranta ko na ofishin wani. Yanzu wasiƙar ta koma waya amma takarda ba ta ragu ba sai ma ƙaruwa. Shawarata, wannan akwatin na takardun da ke shige da fice ne kawai. Takardar fili, shaidar haihuwa, sakamakon jarrabawa, yarjejeniyar haya, waɗannan ba a barinsu a buɗaɗɗen wuri inda baƙo da ɗan aike ke wucewa, su tafi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kwafinsu ne zai zauna a nan. Kuma gida ɗaya cikin biyar ɗin ki bar shi na abin da ba a biya ba ko ba a amsa ba, shi ne na farko daga hannun dama, duk wanda aka gama da shi ya matsa gaba. In ba haka ba wata uku ya yi yawa za ki tarar da caja da makullin babur da ragowar maganin tari a ciki, na ga an yi a gidana.

Maman Ilham:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba wallahi kamar ka san maigidan, shi ne zai fara jefa makulli. Na fitar da akwatin yana rana yanzu haka. Malam kafinta da na juya shi na ga wani tambari da aka ƙona a jiki, akwai haruffa da lambobi sai HT a ƙarshe, ko yana da wata ma'ana? Sannan gidan haya muke, mai gidan ba ya son a huda bango, ƙusar kankare za ta riƙe shi?

Ɗan Kafinta:
Alhamdu lillahi, HT ɗin nan shi ake so, yana nufin da zafi aka gasa katakon kafin a yi jigilar kaya da shi zuwa wata ƙasa, har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Da MB kika gani da na ce ki bar shi a waje, don wancan hayaƙin magani mai guba aka yi masa. Amma gashin ba ya hana sabon ƙwaro shiga daga baya, ƙila a shagon gwanjon ya kwaso su, don haka ki ci gaba da shanya shi. Ƙusar kankare kuwa a'a Hajiya, takarda in ta taru nauyi gare ta, ƙusar za ta yi ta sassautawa har ta ɓalle da filasta, nan ne ma za ki ji bakin mai gida. Ko dai fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a hujin bango, da sukuru guda biyu da izininsa, ko ki ɗora shi kan durowa ko tebur inda hannun yara ba ya kaiwa, ki liƙa masa guntayen robar silifas a ƙasa kar ya karce wurin. Samfefa ki sayi lamba 80 da 120, ki fara da mai kaushin, kina bin tsawon katakon ba a karkace ba, kuma ki duba ƙusoshin da suka leƙo ta ciki ki lanƙwasa su tun kafin ki sa hannu.