Takardun 'Yan Asalin Amurka a Intanet: A Gyara Ko A Bar Su?

Malam Garba: Ni dai ina nan a kan bakana. Takardar tarihi amana ce, ba a taɓa ta. Makarantar Carlisle da Richard Pratt ya buɗe a Pennsylvania a 1879 ta tara yaran ƙabilun 'yan asalin Amurka, aka aske musu kai, aka sauya musu suna, aka hana su yarensu, har aka rufe ta a 1918. Yanzu Kwalejin Dickinson ta ɗora fayilolinsu a intanet. In aka goge munanan kalaman da ke ciki, an wanke azzalumi ke nan.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ai ba wanda ya ce a taɓa hoton takardar. Ina magana ne kan bayanin da ma'aikacin ma'adana ke rubutawa a ƙarƙashinta, wanda da shi ake bincike. Ka ɗauka jika ce ke neman kakarta. Sunan da aka sani a gida daban, wanda magatakarda ya rubuta daban, ƙabilar ma ya kuskure ta. Ta buga suna, kwamfuta ta ce babu. Wannan yarinya fa, ina za ta sa kanta?

Aminu: Gaskiyar Hajiya ce, Baba. A 1890 wani mai binciken al'adu, Jesse Walter Fewkes, ya naɗi waƙoƙin mutanen Passamaquoddy a garin Calais na jihar Maine a kan faya-fayan kaki. Da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya mayar da su na zamani, masu yaren ne suka zauna suka saurara, suka rubuta baitocin, suka faɗi wace waƙa ce da lokacin da ake yin ta. Abin da Fewkes ya rubuta yana nan, nasu ya zauna kusa da shi.

Malam Garba: Waƙa da sauƙi, ɗana. Je ka duba rajistar Dawes, jerin sunayen 'yan wasu ƙabilu da gwamnatin Amurka ta haɗa daga 1898 zuwa 1914. Har yau da ita hukumar ƙabilar Cherokee, wato Cherokee Nation, ke tantance ɗan ƙabila. In kowa zai zo ya ce an kuskure sunan kakansa, wa zai raba gardama? Ma'aikacin da bai taɓa taka ƙasarsu ba?

Hajiya Rabi: Ba shi ba. Hukumar ƙabilar ce za ta faɗa, shi kuma ya rubuta wanda ya kawo gyaran da ranar da aka yi, tsohon layi na sama ba a share shi ba. Mu ma takardun Turawa da ke ma'adanar Kaduna cike suke da kiran wasu al'ummu arna. Malam zai yarda a ci gaba da jera sunayensu a ƙarƙashin wannan kalma?

Malam Garba: A'a, wannan kam ban yarda ba. Amma in gida biyu a ƙabila ɗaya suka kawo gyara biyu masu karo da juna fa?

Aminu: Sai a rubuta duka biyun, Baba, kowanne da sunan gidan da ya kawo shi.