Neman kalma: me za mu kira "polyphony" na mawaƙan Rasha?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka, gobe da safe za mu ɗauki shiri. Kan ƙungiyar mawaƙan nan ne da Dmitri Pokrovsky ya kafa a Mosko a 1973. 'Yan birni ne da suka riƙa bin ƙauyukan Rasha suna zama da tsofaffi, suna koyon waƙa baki da baki, daga baya suka gauraya ta da kiɗan zamani. Inda na maƙale shi ne "polyphony". Ga yadda suke yi: mutum ɗaya ya ɗauko waƙa shi kaɗai, saura su faɗo ciki, kowa yana bin karin amma yana lanƙwasa shi yadda ya so, wani sama wani ƙasa, sai a ƙarshen baiti su haɗe a murya guda.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Amshi mana.

Mai fassara: Yaya, ɗan amshi jira yake jagora ya dire. Su kuwa a lokaci guda suke yi.

Malamar Hausa: Na so in ce karɓeɓeniya irin ta mawaƙan fada, to ita ma bi da bi ce. Ni dai "saƙar muryoyi" na ga ta fi kusa. Rashawan kansu "podgoloski" suke ce wa muryoyin da ke raka babban karin, wato na ƙarƙashi. Kuma ki kula, dalilin kafa ƙungiyar ke nan: manyan ƙungiyoyin waƙa na gwamnatin Sobiyet sun goge waƙoƙin ƙauye sun daidaita su, kowa da layinsa a rubuce. Pokrovsky 'yancin kowace murya ya je nema. Kalmar da za ki zaɓa kada ta ɓoye wannan.

Tsohon ɗan jarida: Luguden murya. An gama. Mata uku a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, amo guda. Me ya rage?

Malamar Hausa: Baba, lugude ma ai karɓa-karɓa ne, in taɓare suka sauka tare an yi karo. Sannan yau duk wanda ya ji "lugude" kusa da "Rasha" a rediyo, luguden wuta zai tuna.

Tsohon ɗan jarida: Laifin 'yan jaridar yanzu ne da suka mayar da kalmar ta yaƙi. Ina amfani da luguden murya tun kafin a haifi wasunku.

Ɗalibi: Me zai hana a ce folifoni kawai? Rediyo da talabijin ma ai aro ne.

Tsohon ɗan jarida: Ka ji irinta! Rediyo ƙarfe ne aka kawo mana a jirgi. Waƙa fa? Sai mun ari bakin Bature kafin mu yi maganar waƙa? Wannan lalaci ne, yaro.

Ɗalibi: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma kalmomi nawa aka ƙirƙira a jami'a suka mutu a cikin ƙamus?

'Yar Damagaram: Kuma in kun ƙirƙira ba ku tambayarmu. Ku yanke a Kano, mu ji a rediyo.

Bakatsine: Hajiya, mu ma nan haka suke mana.

Mai fassara: Don Allah a dawo, dare na yi. Akwai wurin da zan ce sun yi faifai da mai busa ɗan Amurka Paul Winter a 1987, kuma a 1994 sun rera aikin bikin aure na Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan asalin Rasha, da muryar ƙauye. Can ma kalmar ta fito. "Sun ɗora saƙar muryoyinsu kan kiɗan jaz" ya zauna a bakina. "Sun ɗora lugudensu" bai zauna ba, Baba ka yi haƙuri.

'Yar Damagaram: Saƙar ta yi. Amma ki yi bayani a karon farko, kada a zaci masaƙa ne.

Tsohon ɗan jarida: Ki sa abin da kika ga dama, 'yata, shirinki ne. Ni a rubutuna lugude zan ci gaba da cewa.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Saura "ensemble": ƙungiya zan bari ko tawaga?

Bakatsine: Bar shi ƙungiya, kafin Baba ya dawo.